Kunnen Inna Da Ruwan Buta

(Tsakar gida a Jekadafari, Gombe, da hantsi. Gobe ake bikin jikanyar Inna. Asabe ta jera baho, buta da sabulu. Inna na kan tabarma, ta tamke kanta da kallabi biyu.)

ASABE: Inna, ruwa ya yi ɗumi. Taso a wanke kan nan kafin mai kitso ta iso.

INNA: Ba inda za ni. Wancan karon da kika tuttula mini ruwa, da madatsar Dadin Kowa na kwana a kunnen hagu. Ko kiran asuba ban ji ba.

SAGIR: Amarya, asuba kam tun kafin wankin kai kike makara.

INNA: Ji mini mijin banza. Ko sisin cefane bai taɓa ba ni ba, sai baki.

SAGIR: To yau zan yi abin kirki. A rufe kan gaba ɗaya da leda, ko ɗigo ba zai shiga ba.

ASABE: Kan da ke cikin leda ta ina za a wanke shi?

SAGIR: Sai a wanke ledar, Umma.

(Tabawa mai kitso ta yi sallama, kibiya soke a ɗankwali.)

TABAWA: Har yanzu ba a wanke ba? Wannan ai ba abin wahala ba ne. A samo auduga a danna da tsinken ashana har ta ɓace. In an gama a bi da gashin kaza.

ASABE: A'a, Yaya Tabawa. Busasshiyar auduga shan ruwa take, ta jiƙe ta riƙe shi a ciki. Tsinke kuwa cusa dauɗar kunne yake can ƙurya, in aka yi rashin sa'a ya huda dodon kunne. Wata nas ce ta nuna mini: a dunƙula audugar, a shafe ta da basilin, a ajiye a bakin kunne kawai. Maiƙon ne ke hana ruwa wucewa.

INNA: Basilin ɗin wa? Nawa na kaushi? Ga hunturu na tafe?

ASABE: Lakuta ɗaya ce, Inna.

INNA: Haka kuka ce da zumata.

TABAWA: To ɗebo na randa mu yi sauri, ina da kai huɗu a Bolari.

ASABE: Ban da ruwan sanyi. In ya shiga kunne jiri yake sa mutum, ga tsufa, ga santsin sabulu a ƙasa. Inna, kwanta rigingine a kan bencin nan, kanki ya ɗan zarce baki, ruwa ya bi ta ƙeya.

INNA: A miƙar da ni a kan katako, a toshe mini kunne da auduga, a zuba mini ruwa? Ke 'yar nan, da raina? Sai ku aika a kira liman ya cika aikin!

SAGIR: Allah ya ja da ranki, amarya. Amma dai akuyar nan tawa ce ko?

INNA: Uwarka!

ASABE: Ga ni nan ai, Inna. To zauna a kujera, jingina, ɗaga haɓa ki kalli sama. Sagir, riƙe bahon ta baya. Daga goshi zan riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ina tare kunnen da tafin hannu.

(An sa auduga, an yafa mata tawul, kumfa ta tashi. Sai ga Ladi uwar adashi da littafinta.)

LADI: Sannunku da aiki. Inna, na zo karɓar zubi, na sati biyu.

INNA: Lafiya lau. Ya yaran?

LADI: ZUBI, Inna!

INNA: Ga mai zubi nan da buta a hannu. Ni kai kawai na bayar.

ASABE: (a hankali) Inna, 'yar audugar nan ba ta hana ji haka.

INNA: Tawa tana hanawa.

LADI: (ta juya, ƙasa-ƙasa) Shi ke nan. Dama kwasar wannan satin tata ce, sai in ba matar Malam.

INNA: (ta zabura, ta fizge audugar) Matar wa?

(Daidai nan Asabe ta karkata buta.)

INNA: Wayyo! Ya shiga! Kin kashe ni!

TABAWA: Kawo man ja a ɗiga mata!

ASABE: Ba abin da za a ɗiga. Inna, karkatar da kan ta ɓangaren da ya shiga, ja fatar kunnen ƙasa, zai fito da kansa, in goge bakin da tawul. In ya kwana da ciwo ko ya fara mugunya, asibiti za mu, ba wajen Yaya Tabawa ba.

TABAWA: Ni dai kai huɗu na jirana.

INNA: (kai a karkace, kumfa na bin wuya) Sagir! Angona, ɗan albarka, tare mini Ladi a zaure kafin ta kai titi!

SAGIR: Yanzu na zama ango? To nawa ne kason miji?