Ranar da Na Ƙirga Ungulu Uku a Kan Kuka

Wani abokina mai binciken tsuntsaye ne ya roƙe ni in raka shi aikin ƙirgen ungulu a kan hanyar Haɗejiya zuwa Nguru, na kuwa amsa nan take, domin a tunanina wanda ya tashi yana korar ungulu daga bakin mahauta ba ya bukatar a koya masa kamanninta. A mota ya bayyana mini cewa tun shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya ungulun da muka saba gani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma irin wannan ƙirge na kan hanya shi wani Bafaranshe mai suna Thiollay ya yi a Nijar da Mali da Burkina Faso, inda ya tarar manyan ungulaye sun ragu da sama da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji cikin kimanin shekara 30.

Aikin shi ne mota ta yi tafiyar hawainiya, mu kuma mu rubuta duk ungulun da muka hango, da duk tsuntsun da mota ta buge, tunda mushen da ke kan kwalta yakan jawo su har su ma a take su. Direbobin manyan motoci da suka biyo bayanmu ba su fahimci muhimmancin binciken ba, kuma sun sanar da mu hakan da hon da kuma baki.

Kwana biyu ba mu ga ko gashin ungulu ba. A rana ta uku na hango baƙaƙen abubuwa uku a kan wata kuka suna karkaɗa fukafukai, sai na kwarma ihun da ya sa direba ya taka birki har butar shayinmu ta kife a cinyata. Kafin abokina ya ɗaga madubin hangen nesa, na riga na rubuta "ungulu 3" da biro, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini madubin ba tare da ya ce uffan ba. Baƙar leda ce guda uku, iska na kaɗa su.

Don in wanke kaina, da muka isa wani ƙauye na nufi mahauta na tambayi wani dattijon mahauci inda ake samun ungulu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce, "Malam, kai kake nema ko ƙafa? Bokan naka bai gaya maka sun yi tsada ba?"

Da la'asar na zagaya bayan wata sabara don in kama ruwa. Ina dawowa na tarar da abokina da direba suna tafawa, wai ungulu ɗaya tilo ta gifta ta saman motar, ta yi gabas. Abokin nawa ne ya rubuta ta da hannunsa, a ƙasan ledojina uku.