Gobara ta san unguwar da take zuwa

Duk lokacin da aka yi gobara a birni, tambaya ɗaya ce ke fara fita daga bakin jama'a: me ya tayar da ita? Wani ya ce wayar lantarki, wani ya ce tukunyar gas, a jajanta, a ce tsautsayi ne, kowa ya kama gabansa. Ni abin da ya fi damuna daban ne. Me ya sa wutar da ta tashi a ɗaki guda take cinye gida ɗari? Tartsatsi babu ruwansa da mai kuɗi ko talaka. Amma iya inda wuta za ta ci ta tsaya, tun ranar da ake yanka filayen unguwar aka yanke shi.

Ku dubi Chicago ta Amurka. A 1840 mutanenta ba su kai 5,000 ba, zuwa 1870 sun doshi 300,000. Da katako aka yi wannan gaggawar, gidaje katako, har hanyar masu tafiya a ƙafa katako. A Oktoban 1871, bayan dogon fari, wuta ta tashi, iska ta kora ta. Gine-gine sama da 17,000 suka ƙone, kimanin mutum 300 suka mutu, wajen 100,000 suka wayi gari babu matsuguni. Wa aka ɗora wa laifi? Saniya! Wai ita ta shure fitila. Shekaru bayan nan ɗan jaridar da ya yaɗa labarin ya amsa cewa ƙirƙirarsa ya yi. Har yau ba mu daina neman saniya ba.

Birni idan yana girma, gefensa gudu yake yi, titi da bututun ruwa da ofishin 'yan kwana-kwana kuma suna biye da shi da rarrafe. Shiga irin wannan unguwa ka ɗaga kai. Rufin wannan gida na gogar na maƙwabci, waya ɗaya an ja wa gida goma, lungun kuwa mutum biyu sai sun karkace kafin su gifta juna. Ɗaki mai katifar soso da labule da kayan roba cikin 'yan mintuna wuta ke game shi. Kafin motar kashe gobara ta ratsa cunkoso ta iso, wutar ta tsallaka gida na uku. Ta iso ɗin ma a bakin titi za ta ja birki, tiyo bai kai ba, ruwan tankinta ya ƙare, babu famfon da za ta jona, dole ta juya ɗebo wani. Sannan mutane su hau zagin ma'aikatan, kamar su suka tsara unguwar. A Maris 2017 gobara ɗaya a unguwar Imizamo Yethu da ke Cape Town a Afirka ta Kudu ta laƙume gidaje sama da 2,000, ta bar kusan mutum 10,000 a waje.

Tsakiyar gari ma ba ta tsira ba, salon nata ne daban. Ƙasa ta yi tsada, sai gidan zama ya koma sito: kaya a ƙasa, iyali na barci a sama. A tsohon garin Dhaka na Bangladesh, gobarar Nimtoli ta 2010 ta kashe sama da mutum 120, saboda sinadaran da aka jibge a ƙasan gidajen mutane. Hukuma ta yi alkawarin kwashe rumbunan. Shekara tara bayan haka, a Chawkbazar, cikin wannan tsohon gari dai, wasu kimanin 70 suka bi su.

Kada wani ya ce ai matsalar ƙasashe matalauta ce. Benen Grenfell a Landan aka gina shi, hawa 24 da matattakala ɗaya tak, an lulluɓe bangonsa da abin da ke kama wuta. Firji ne ya kama a hawa na huɗu a 2017, rai 72 suka salwanta.

Abin da nake so in gani bai fi ƙarfin kowace hukuma ba. A ɗauko bayanan gobarar shekara goma, a ɗiga kowace a kan taswirar gari, a ɗora ofisoshin kwana-kwana da wuraren ɗiban ruwa a kai. Ɗigon zai taru wuri-wuri, kuma na tabbata mazauna wuraren ba za su yi mamaki ba. Sabuwar unguwa kuwa, kafin a sa hannu a takardarta a tambaya: motar kashe gobara za ta iya shiga ta juya? Landan sai da ta rasa gidaje sama da 13,000 a 1666 kafin ta yi dokar gini da bulo ko dutse da faɗaɗa tituna a 1667.

Tsorona ɗaya, kada a mayar da taswirar hujjar turo katafila. Wanda ya yi gini a matse ba don yana son matsi ba ne, inda ƙarfinsa ya kai ke nan. In ka rushe masa, can bayan gari zai koma ya sake kafa langa-langa, inda motar ta fi daɗewa kafin ta isa.