Ku bar yara su fita waje, idonsu na buƙatar hasken rana

'Yar ƙanwata tana aji huɗu na firamare, kusan zango guda malaminsu na kawo ƙara wai ba ta kwafar abin da ke allo sai dai ta leƙa littafin ta kusa da ita, har duka ta sha a kai. Sai da na ga yadda take ƙanƙance ido tana matsowa gaban talabijin kamar za ta shige ciki sannan na ce a kai ta asibitin ido. Aka auna, aka yanka mata gilashi. Tana sakawa ta kalli darbejiyar ƙofar gida ta ce "Kawu ashe ganyen ɗai-ɗai ake ganinsu?" Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ƙwayar idon jariri tsawonta kusan milimita 17 ne, ta babba kuma wajen 24. Matsalar na zuwa ne idan idon yaro ya ci gaba da tsawo ya zarce inda ya kamata ya tsaya, sai hasken da ke shiga ya haɗu tun kafin ya isa bangon bayan ido, abin nesa ya koma dishi-dishi. Ƙarin milimita 1 kacal ya isa yaro ya kasa karanta allo. Kuma idon da ya yi tsawo ba ya komawa, gilashi gani yake gyarawa ba ido ba, shi ya sa wanda abin ya kama tun yana shekara 6 ko 7 lambar gilashinsa ke ta hawa, in ya girma kuma haɗarin hawan jinin ido da ɓallewar bangon bayan ido ya fi yawa a kansa.

Kowa waya yake zargi, kuma tana da nata laifin, amma ni dai zaman ɗaki na fi tsoro. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara 3 kusan kashi 30 cikin 100 ne suka kamu da matsalar rashin ganin nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan tun 2010 ta ce yara su riƙa yin minti 120 a waje kowace rana. Hasken waje, ko a inuwar bishiya ne, ya ninka na aji sau da yawa, kuma shi ke taka wa tsawon ido birki.

To mu duba ranar yaronmu na birni: boko tun safe, lesin, Islamiyya har magariba, aikin gida, sai wayar Mama a duhu. Makarantun kuɗi da yawa gidan haya ne aka yanka ɗakuna, ba fili, taga ɗaya, lokacin tara ma a kan benci ake cinye shi. Iyaye na hana fita saboda tsaro, ban ga laifinsu ba, shi ya sa nauyin ya koma kan makaranta, don can ne ake da katanga da mai gadi.

Masu ba makarantu lasisi su daina wuce maganar fili, a kuma riƙa auna idon yara duk shekara, takardar haruffa ce kawai a bango da taku mita 6. Masu cewa gilashi na ƙara kashe ido kuma don Allah su bari, 'yar ƙanwata yanzu daga bencin baya take kwafar allo.