Motar Hajiya

Shekara 11 ina hawan babur zuwa ofis. Rana ta gasa ni, ruwa ya dake ni, lokacin hunturu kuwa in isa wurin aiki fari fat kamar mai aiki a injin niƙa, duk ban taɓa ƙorafi ba. Abin da ya ƙure min haƙuri wani suna ne a dangin maman yara. Muka iso mu huɗu a kan babur, sai ƙanwarta ta tare mu a ƙofar gida tana murmushi, ta ce, "Haba Yaya, ai da kun yi magana da an tura direba ya ɗauko ku." Ko tuwon sunan ban iya ci ba.

Na kwashi adashin ofis, na sayar da babur, maman yara ta ba ni sarƙarta da ɗan kunne bayan na rantse zan mayar mata da waɗanda suka fi su. Aka haɗa, naira miliyan 3 da dubu 200. Sai na ɗauki mutum biyu su raka ni: bakaniken unguwarmu, da Kawu, wanda duk dangi sun sallama masa a harkar ciniki. Mutum ne da zai taya ragon layya har mai ragon ya fara ba shi haƙuri. A cikin adaidaita sahu ya kafa min doka uku: kada in nuna ina son mota, kada in fara taya da bakina, in kuma in na ji ya yi tari, in juya mu tafi.

Ko gama sauka ba mu yi ba a wani wurin sayar da motoci da ke kan titin Zariya a Kano, dillalai suka yanyame mu. "Alhaji, bismillah! Alhaji, ta nan!" Ni da filin jirgi ma rakiya kaɗai ke kai ni. Amma Allah ya sani na ji daɗin sunan, har tafiyata ta canza.

Da isa ta na nuna wata Corolla 'yar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, ba ta taɓa shan ramukan ƙasar nan ba. Dillali ya faɗi kuɗinta, na ɗauka ya haɗa da filin da take tsaye a kai. Ya ga fuskata, sai ya shiga yi min karatu: tun farkon 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta yi wuya, sai dai ta tashar jiragen ruwa ta Legas, kuɗin kwastan kuma dala yake bi, dala kuwa kowa ya san inda ta nufa tun 2023. Duk gaskiya ya faɗa. Ina jin ita ce gaskiya ta ƙarshe da na ji a ranar.

Sai ya rage murya, ya ja ni gefe kamar zai ba ni sirrin gidansu. "Alhaji, akwai wata, don dai kai ne. Hajiya ce. Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida." Ya kai ni bayan wata bishiyar darbejiya, ga Peugeot 406 ruwan toka tana sheƙi, tayoyin sun sha mai sun yi baƙi wuluk, ciki na ƙamshin turaren wuta. Agogon kilomita ya nuna dubu 89 kacal. Ban san lokacin da na shafa bonet na ce "Masha Allah!" da ƙarfi ba. Doka ta farko ta faɗi.

Kawu ya fara tari. Ya yi, ya sake, ya ƙara, har wani yaro ya ruga ya sayo masa fiya wata. Ni kuwa ina cikin mota ina murɗa sitiyari ina kallon kaina a madubi.

Bakanike ya buɗe inji, ya zaro sandar baƙin mai ya shinshina, ya sa aka taka totur ya leƙa salansa. Na ga ya yamutsa fuska. Dillali ya ce yana son ganinsa, suka zaga bayan wata babbar mota kamar minti biyar. Da ya dawo fuskar ta washe. "Oga, lafiyarta ƙalau. Sai dai ka zuba mai ka kama hanya."

Aka zauna a benci. Mai wurin, wani dattijo da carbi a hannu, ya ce miliyan 4 da dubu 800. Kawu ya kwashe da dariya ya ce miliyan 3. "Albarka." Ya ƙara dubu 200. "Albarka." Kawu ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ce mu tafi, kuma na ga idon mai wurin ya fara laushi. Daidai nan wani bawan Allah ya shigo, babbar riga ta sha aiki, hula zanna bukar, waya biyu a hannu. Ya zagaya motata sau ɗaya, eh, a raina ta riga ta zama tawa, ya ce, "Miliyan 4 da dubu 300, yanzu in tura."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Ji na yi kawai an ce, "Da ɗari huɗu!" Na waiga in ga mai magana, ashe ni ne. Mai wurin ya cafke hannuna kafin in janye. "Na sallama. Allah ya sa albarka, Allah ya tsare." Kawu ya koma ya zauna, ya shanye sauran fiya watansa bai ce uffan ba.

Sai da gumi ya bushe na tuna miliyan 1 da dubu 200 babu su a duniya. Washegari na sa kaftani mai guga na tafi wani bankin Musulunci. Wani saurayi mai ladabi ya yi min bayanin murabaha: ba rance za su ba ni ba, su za su sayi motar, su sayar min da ribar da muka sani tun farko, in riƙa biya wata-wata. Tsarin ya kwanta min. Sai ya jero sharuɗɗa: albashina ya riƙa shiga ta wurinsu, in kawo bayanan asusu, in kawo masu tsaya min, a yi wa mota takaful, wato inshorar Musulunci. Duk ina gyaɗa kai. Da ya tambayi shekarar ƙirar motar na faɗa, ya ajiye biro a hankali ya ce, "Yallaɓai, ina firamare aka ƙera ta."

Na koma wurin mai carbi. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, shi ma yana ba da mota a biya da kaɗan-kaɗan. Na ce to ruwa fa? Ya zabura, "A'uzubillahi! Ruwa a wurina? Babu ko kwabo. Sai dai farashin bashi daban ne da na hannu." Farashin bashi miliyan 4 da dubu 900. Zan ba da abin da ke hannuna, ragowar miliyan 1 da dubu 700 in biya a wata goma, dubu 170 duk wata. Takardun mota na asali da mukulli na biyu suna wurinsa har in gama. Na sa hannu. Sai a hanyar gida lissafin ya faɗo min: mutum ya sa wa kayansa miliyan 4 da dubu 800, na kwana biyu ina ciniki, na saya da ƙarin dubu 100.

Ban ma yi maganar la'ada ba. Dillali ya karɓa, wanda ya fara ce min Alhaji a bakin ƙofa ya karɓa, mai riƙe da mukulli ya karɓa, yaron fiya wata ma ya zo ya tsaya. Albashin watan a nan ya ƙare. Ranar da na kai biyan farko kuwa, wa zan gani yana wanke motoci da singileti da wando iya gwiwa? Alhaji mai waya biyu. Ya ɗaga min soso ya ce, "Ranka ya daɗe, ya mota?"

Mota dai sati uku ta yi tana biyayya. Daga nan ta fara shan baƙin mai kamar kunun azumi, har 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa suka fara tambayata ya iyali. Amma babban abin ya faru ne wata Asabar da na tsaya sayen lemo kusa da tashar Unguwa Uku. Kafin in kashe inji, wani ɗan kamasho ya ƙwalla ihu, "Kai jama'a, Hajiya ta dawo!" Direbobi suka taso suna shafa ta kamar 'yar'uwa ta dawo daga Makka. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofar baya ta shige da buhun gero ta ce, "Zariya, ɗan nan."

Ɗan kamashon ne ya warware min. Shekara 8 motar nan tana Kano zuwa Zariya, sawu biyu a rana. Hajiya sunanta ne, har a gilashin baya aka taɓa rubutawa. Tsohon direbanta kuma ya fi son masu zuwa asibitin Shika, don ba sa ciniki. Ya nuna min ƙofar da sai an ɗaga ta sama take rufuwa, wadda na yi sati uku ina fama da ita.

Na kira dillali jikina na rawa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, tsakani da Allah, cewa na yi Hajiya ce, daga gida sai asibiti. Wanne ne ƙarya a ciki?"

Tsohuwar nan dai ta ƙi fita. Ɗan kamasho ya ce saura mutum biyar a cika, biyu gaba, huɗu baya. Na tuna dubu 170 na jirana ƙarshen wata. Na ce ya cika.

Yanzu duk Asabar da Lahadi ina tasha, na yanki katin ƙungiya, saura wata shida in karɓi takarduna. Makon jiya ina ƙirga canji sai na ji murya a kujerar baya, "Direba, don Allah a kunna mana AC." Na dubi madubi, ƙanwar maman yara ce. Na jawo hula na rufe goshi, na shaƙe murya na ce, "Hajiya ba ta da AC, a sauke gilashi." Gilashin ɓangarenta kuwa tun 2019, in ji ɗan kamasho, bai sauka ba.