Wai a banɗaki zan tatsi abincin ɗana?

Wallahi raina a ɓace yake. Sati 12 suka ba ni hutun haihuwa, shi ma da rabin albashi, na koma aiki jikina bai gama komawa daidai ba. Ana idar da asuba nake barin yaro wajen Inna a Agege in kama danfo zuwa Ikeja, ranar da gosulo ya riƙe mu kuwa sai bayan isha zan ga gida. To nonon fa, ina zan kai shi? Kafin azahar ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, yana zuba yana jiƙa min riga, ina tsaye gaban kwastoma ina ta jan hijabi ina rufewa, jiya har zazzaɓi sai da ya rufe ni.

Na samu manaja na ce oga don Allah a ba ni ɗan lungu a sito in riƙa tatsa, kujera ɗaya da labule kawai nake nema. Wai in shiga banɗaki! Banɗakin da kowa ke shiga, haba jama'a. Firjin da suke sa lemo da ragowar abincinsu ma an hana ni sa kwalbar, wai ƙyanƙyami suke, alhali nonon da aka tatsa in ba sanyi awa 4 ne iyakarsa, balle a zafin Legas.

Kuma fa ba alfarma nake roƙo ba. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Gwamnatin Legas tun 2014 take ba ma'aikatanta mata wata 6, mu na kamfani ko oho. Duk ranar rigakafi nas sai ta maimaita mana nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a ba shi, ta yaya fisabilillahi? Da wane albashin zan sayi madarar gwangwani?

Su kwastoman ma ba su tsira ba. Ranar Asabar wata baiwar Allah jaririyarta na ta tsala kuka a layin biyan kuɗi, ta zauna gefe ta lulluɓe da mayafi za ta ba ta, mai gadi ya ce ta fita waje. A kan dakali cikin rana ta shayar da ita, ta bar kwandon sayayyarta a nan ba ta dawo ba.

Gobe da kula da ƙanƙara zan tafi, kuma rabin awata sau biyu sai na ɗauka, in takardar kora ce su rubuto.