Ranar da na lulluɓe ciyawa da bargo

A tsakar gidana da ke unguwar Zariya ta Maraɗi akwai wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, na dasa masa ciyawar ado tun farkon damina. Uwargida tana kiransa "kishiya", wai ruwan da yake sha ya fi wanda take wanki da shi. Ni ko a jikina. Duk Maraɗi mutum nawa ne ke shan shayi ƙafarsa a kan ɗanyar ciyawa?

Tsakiyar watan Nuwamba ƙanena da ke karatu a Kanada, can yankin Kebek, ya kira ni ta bidiyo. Yana ɗan ƙwadago a filin golf, wasan nan da attajirai ke bin ƙaramar ƙwallo da sanda har rami 18. Na gan shi ya duƙunƙune cikin kaya kamar mai jego, bayansa mutane na jan wani ƙaton tamfol.

Na ce, "Kai, rasuwa aka yi ake kafa rumfa?"

Ya ce, "A'a Yaya, ciyawa muke lulluɓewa kafin sanyi ya kankama."

Daga nan ya buɗe mini karatu. Ashe ciyawar da ke kewaye da rami aske ta ake yi har ta koma kamar milimita 3, gashin kan jariri ma ya fi ta tsawo, don haka ba ta da juriya. Ya ce dusar ƙanƙara mai laushi ba abokiyar gaba ba ce, ita ce ma bargon ciyawa. Mugun shi ne ta narke da rana, ciyawa ta sha ruwan ta ƙoshi, dare ya yi ruwan ya daskare a cikin gindinta ya farfasa shi. Ko kuma ƙanƙara mai tauri ta shafe filin kamar gilashi ta hana numfashi: wata irin ciyawar tana mutuwa tsakanin kwana 45 da 90, mai taurin ran tana iya kai 120. Shi ya sa suke fesa maganin ruɓa tun dusar ba ta sauko ba, su baza busasshiyar ciyawa, sannan su rufe da tamfol wanda ruwa ba ya ratsawa.

Duk cikin wannan dogon bayani kalma biyu na riƙe: sanyi, tamfol.

Disamba ta shigo da hunturunta. Wata asuba na fito alwala, ruwan buta ya sare ni har cikin ƙashi, na dubi ciyawata na ga bakinta ya fara bushewa. Na ce ai sanyi sanyi ne, na Kebek bai fi na Maraɗi uwa ba. Na hau kabu-kabu zuwa kasuwa, na sayo damin harawar gyaɗa biyu da baƙar leda mai kauri, jika huɗu suka tafi. Na fara shayar da ciyawar ruwa har ta yi caɓi, don kada ƙishi ya kama ta a ciki, na baza harawa, na rufe, na danne gefe-gefe da bulo.

Uwargida tana tsaye bakin madafa tana kallona. Ta ce, "Malam, wai me kake tsare mata?"

Na ce, "Ƙanƙara."

Ta ce, "Ƙanƙarar da ke gidan nan duka tana cikin firinjina, dala biyar-biyar nake saidawa, kuma ban taɓa ganin ta fito yawo da dare ba."

Na yi banza da ita. Me mai saida ƙanƙara ta sani game da ƙanƙara?

Abin da ban lissafa ba shi ne hunturun Maraɗi da asuba kawai yake da baki. Ana yin azahar rana ta dawo bakin aikinta, zafi ya doshi digiri 30. Baƙar leda, jiƙaƙƙiyar harawa, ranar tsaka: ashe dambu na ɗora ban sani ba. Kwana shida ban buɗe ba, saboda ƙanena ya ce su sai sanyi ya wuce suke yayewa.

A rana ta bakwai jar akuyar maƙwabcina, irin tamu ta Maraɗi da ake alfahari da fatarta har Turai, ta shinshino harawa. Ta shigo da 'ya'yanta biyu, ta farke ledar, suka zauna walima. Da na fito da gudu na yaye sauran, wani wari ya buge ni kamar an buɗe tukunyar daddawa. Ciyawar ta yi ɗorawa, ta narke, gara kuma ta riga ta kafa gari a gefe.

Na kira ƙanena na nuna masa. Ya yi dariya har wayar ta faɗi cikin dusar ƙanƙara. Da ya ɗauko ya ce, "Haba Yaya! Mu fa sai ƙasa ta fara daskarewa muke rufewa, a bushe, har iska ake hura mata ta ƙarƙashi. Taka ciyawar, ruwa kaɗan da yamma kawai take so."

Da la'asar maƙwabcin ya yi sallama. Ba haƙuri ya zo bayarwa ba. Wai akuyarsa ta haɗiye leda, cikinta ya kumbura, ko zan taimaka da kuɗin likitan dabbobi, tunda ledar tawa ce. Na ba da jika ɗaya da rabi.

Yanzu a nan wurin ne uwargida ke shanya barkono da kuɓewa. Akuyar ta warke sarai. Kowace safiya sai ta leƙo ta ƙofar zaure ta tsaya tana kallona, ko an sake kawo harawa.