Ba mai keke ne ya cinye maka albashi ba

Jama'a, a sassauta wa masu keke haka nan. Kowace safiya a garin Kaduna, daga Kawo zuwa Kasuwa ko daga Rigasa zuwa Bakin Ruwa, faɗan ɗaya ne. Fasinja ta ce, "Haba Malam, jiya ba haka ka karɓa ba." Shi kuma ya ce, "Hajiya, ki je gidan mai ki tambaye su." A yi ta cacar baki har a sauka, kowa ya kama gabansa da ɓacin rai tun bai karya ba.

Yawancin yaran nan keken ba nasu ba ne. Akwai balas da mamallakin keken ke jira da yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Ga mai, ga tikitin ƙungiya, ga mai faci, ga bakanike. Abin da ya rage shi ne na cefane, in ya rage. Ban ce duk salihai ba ne, akwai waɗanda da hadari ya haɗu sai kuɗin mota ya tashi, Allah ya shirye su. Amma wanda ya ɗora masu laifin tsadar zirga-zirga a garin nan bai yi lissafi ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Mafi ƙarancin albashi fa? Daga dubu 30 aka mai da shi dubu 70 a Yulin 2024, jihar Kaduna ta ce nata dubu 72. Wato mai ya ninka sau biyar, albashi ya ninka sau biyu da ɗan ɗoriya. Kuma wannan ɗin ma na wanda ke da takardar ɗaukar aiki ne. Malamar makarantar kuɗi, yaron shago, maigadi, mai zaman POS, su wa ya tambaye su nawa ake ba su?

Sai dai ni abin da ya fi damuna ba farashin mai ba ne. Nisa ne. Kuma nisan nan mu muka saya wa kanmu.

Ku tambayi iyayenmu da suka yi aikin masaƙa. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, masaƙun Arewa Textiles da United Nigerian Textiles (UNTL) suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, ma'aikaci a Kakuri yake, ko Makera, ko Nasarawa. Ya hau kekensa na ƙafa ya je aiki, wani ma ya taka. Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Tibi haya ɗaya, famfo ɗaya. Masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wannan ciwo ne daban. Amma abin da ya sauya taswirar garin shi ne rikicin addini na Fabrairun 2000, na Nuwamban 2002 kuma ya ƙarasa. Mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance, wasu suka yi musaya. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Hayin Banki. Kiristoci suka nufi Sabon Tasha, Narayi, Television da Gonin Gora. Kogin Kaduna ya zama iyaka.

To kasuwa ba ta tashi ba. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi tana nan inda take, ofisoshi da bankuna suna nan a tsakiyar gari, kamfanonin da suka rage suna kudu. Mutum ya zaɓi unguwa don ya yi barci da ido biyu a rufe, ba don kusa da wajen nemansa ba. Ban ga laifin kowa ba, wanda ya ga abin da aka gani a shekarun nan ba a yi masa wa'azin komawa. Amma fiye da shekara ashirin ke nan muna biyan kuɗin wannan rabuwa kowace safiya, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Lokacin da mai ke araha ba mu ji ba. Yanzu muna ji. Tsadar haya ita ma ta zo ta ƙara kora masu ƙaramin ƙarfi can Rigachikun da Maraban Jos, ango ya samu ɗaki da falo mai sauƙi, rarar ta tafi a hanya.

Gadar Kawo ta yi kyau, ta rage cunkoso, tituna da yawa sun faɗaɗa, wannan ba a musu. Amma titi mai faɗi ga mai mota yake fara amfani. Abin dariya, tun 2016 muna da jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, amma na cikin gari har yau a bakin masu jawabi yake.

Abu biyu na yaba. Tun Disamban 2021 gwamnatin El-Rufai ta mai da aikin ofis kwana huɗu a mako. A lokacin an yi ta surutu, ni ma ban so yadda abin ya shafi makarantu ba. Yau kuwa duk ma'aikacin jiha ya san darajar Juma'ar da ba ya biyan kuɗin mota. Na biyu, bas-bas masu amfani da iskar gas da gwamnatin Uba Sani ta zuba a 2025, ana hawa kyauta. Ku dubi layin da ake yi a tashoshinsu da sassafe, za ku san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Matsalarsu manyan tituna suke bi, na cikin lungu sai ya hau keke kafin ya iso su, kuma wanda aka ce ya sa hannu ƙarfe bakwai da rabi ba zai iya jiran layi ba.

Shi ya sa maganata ta koma kanku, masu makarantu da masu shaguna da masu ƙananan kamfanoni. Alhaji, ka taɓa tambayar yaron shagonka daga ina yake tasowa? Hajiya mai makaranta, malamar da kike yanke wa kuɗi don ta makara minti goma, kin san nawa ne ke shiga aljihun masu keke daga abin da kike ba ta? Na san ku ma kuna fama da dizal da haraji da iyayen da ba su biya kuɗin zango ba. In ƙarin albashi ba zai yiwu ba, akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. A raba wa ma'aikata kwanaki inda aikin zai ɗauka. Mai reshe biyu ya tura kowa reshen da ya fi kusa da gidansa. A daina tarar makara, musamman da damina, ranar da ruwa ya tare hanya kuma babu keken da zai shiga unguwa.